Abin da Ke Sa Zangon Gasa Ya Yi Armashi

Idan kaka ta yi a ƙasar Bagauda, watau Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, aka karya masara, aka bugi shinkafa, aka kai dawa rumbu, sai hankalin manomi ya kwanta, ya sami sararin neman abin da zai ɗebe masa kewa. A zamanin kakanni wannan shi ne lokacin da a kan share fage a bakin kasuwa ko a ƙofar fada, makaɗa su saɓa kalangu, samarin wannan gari su tafi wancan gari neman abokan karawa. A kan yi dambe, a kan yi kokawa, Fulani kuma su yi sharo. Wanda ya yi nasara sai sunansa ya kwana a bakin 'yan mata, wanda aka kayar kuwa ya koma gida yana jiran baɗi.

Yau fagen bai mutu ba, amma ya yi ƙaura, ya shiga akwati. Wanda ya bi ta Tiga ko Kwanar Ɗangora da dare zai tarar da mutane sun yi cincirindo a gidan kallo, ko a teburin mai shayi, ko kuwa samari biyar sun haɗa kai bisa wayar hannu guda. Abin da su ke kallo sau da yawa gasa ce, irin wadda a ke farawa da mutane da yawa, a yi ta zubar da su kwana bayan kwana har a bar mutum ɗaya. Daga ranar da aka buɗe irin wannan gasa zuwa ranar da aka miƙa kyauta, shi a ke nufi a nan da zango.

To, abin lura shi ne zango ya fi zango. Wani a kan gama shi yau, gobe an manta. Wani kuwa sai a shekara goma ana gardamarsa a gindin bishiya, kowa na tuna inda ya ke zaune sa'ad da aka yi kayen ƙarshe. Alhali kuwa dokokin ɗaya ne, filin ɗaya ne, kyautar ma wani lokaci ta zangon da aka manta ta fi tsoka. Me ya kawo wannan bambanci? Tambaya ce da ta cancanci a tsaya a kanta, gama mutumin da ya ba da darensa goma ga kallo ya ba da wani abu daga cikin ransa, ya kamata kuwa ya san ko an biya shi ko an cuce shi.

Asalin Abin

Talabijin ya fara aiki a Nijeriya a Ibadan cikin 1959, ya iso Kaduna cikin 1962. Amma irin shirin da a ke tara mutanen da ba 'yan wasan kwaikwayo ba, a sa su takara a gaban kyamara, daga baya ya yi ƙarfi, daga Turai kuwa ya fito. Cikin 1999 aka fara wani shiri a ƙasar Holan mai suna Big Brother, inda a ke kulle mutane a gida ɗaya makonni da dama, masu kallo na jefa ƙuri'a a kan wanda za a kora. Cikin 2001 aka fara Pop Idol a Ingila, gasar mawaƙa ke nan. Ba a daɗe ba suka bazu duniya, har aka yi Big Brother na Nijeriya cikin 2006.

Bahaushe bai jira Turawa sun koya masa wannan ba. Tun cikin 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché, gwamnatin Nijar ta kafa gasar kokawa ta ƙasa, wadda mutanen can ke kira kokowar takobi, domin takobi a ke ba wanda ya ci. A Tawa aka yi ta farko, Kantu na Maraɗi ne ya ɗauka. Yadda tsarin ya zauna daga baya shi ne, jihohin ƙasar 8, watau Agadas da Diffa da Dosso da Maraɗi da Tawa da Tillaberi da Damagaram da Yamai, kowace ta kan zo da 'yan kokawa 10, su zama 80. A kan yi kamar kwana goma ana karawa, gidan talabijin na Télé Sahel da rediyon ƙasar suna watsawa kai tsaye. Gasar kuma ba ta da mazauni ɗaya, yawo ta ke yi daga babban birnin wannan jiha zuwa na waccan.

Wannan gasa ita ce ta fi dacewa a auna sauran da ita, domin tana da dukan abin da shirye-shiryen Turawa ke taƙama da shi, watau taron masu takara, da raguwarsu kullum, da kyauta a ƙarshe, sa'an nan tana da abin da yawancinsu ba su da shi, watau saiwa a cikin ƙasa. Da samuwar tauraron ɗan'adam da intanet, manomin Doguwa ya kan gan ta daidai lokacin da mutumin Maraɗi ke ganinta, da harshen da ya ke ji. Daga gare ta, da kuma damben ƙasar Kano, za a iya fitar da sharuɗɗan zango mai armashi.

Sharaɗi na Farko: Faɗuwa Ta Zama Tana da Tsada

Babban abin da ke riƙe mai kallo shi ne sanin cewa abin da ke faruwa a gabansa ba ya gyaruwa. A kokawar takobi, wanda aka kayar sau ɗaya ya fita daga neman takobi a wannan shekara, kome girmansa, kome yawan takubban da ya tara a gida. Saboda haka kowace safiya a kan ƙidaya waɗanda ba su faɗi ba tukuna. Ranar fari suna 80, kashegari sun ragu ƙwarai, jibi sun daɗa raguwa, har a wayi gari ana iya lissafa su da yatsun hannu. Wannan ƙidaya ita ce igiyar da ta ɗaure kwanakin gasar suka zama labari ɗaya. Wanda bai sami kallo jiya ba, tambayarsa ta farko da safe ita ce, saura nawa, su wa da wa?

Akwai kuma wata hikima a cikin tsarin. A kwanakin da jiha ke karawa da jiha, wanda ya riga ya faɗi ba ya naɗe walkinsa ya tafi gida, yana nan cikin 'yan jiharsa yana shiga fili. Shi kuwa ba shi da sauran abin da zai yi asara, don haka ya fi kowa hatsari. Wanda bai faɗi ba yana kokawa da tsoro, yana lallaɓa rabonsa kamar mai ɗauke da ƙwai. Wanda ya faɗi yana kokawa da zuciya ɗaya, burinsa kawai a ce shi ya kayar da wane. Ta haka ƙaramin karo na tsakar rana, wanda ba a sa ran kome a cikinsa, ya kan juya zango duka.

A dambe ma hakanan ne. Masu kallo sun san bambancin damben kasuwa da damben gasa. A damben kasuwa a kan yi turmi uku a rabu babu kisa, kowa ya karɓi abin da aka lika masa, gobe a sake. A damben gasa, irin wanda a ke sa mota ko babur, wanda ya kai ƙasa ya bar layi, sai ka ji fili ya yi tsit kafin a kai naushin fari.

A nan ne wasu shirye-shiryen talabijin ke yin kuskure. Sai a kori mutum a wannan mako, masu kallo su yi juyayi ko murna, bayan mako biyu kuma a komo da shi don an ga yana jawo jama'a. Masu shirin suna tsammanin sun ƙara gishiri, alhali sun koya wa mai kallo cewa korar ba kora ba ce. Daga ranar kuwa ba zai sake jin faɗuwar gaba ba.

Sharaɗi na Biyu: A San Mutanen

Ƙarti biyu da ba a san su ba, in sun kama kokawa, abin kallo ne na minti biyar. Amma in aka ce wannan ɗan wane ne, daga gari kaza, bara wancan ya kayar da maigidansa, yau ya zo ramuwa, to kowane taku nasu ya zama magana. Zango mai kyau shi ne wanda ya ba mai kallo lokaci da hanyar sanin masu takara kafin a fara zubar da su.

'Yan dambe sun daɗe da gane wannan. Sun kasu ɓangarori, akwai Kudu, akwai Arewa, akwai Guramaɗa, kowane ɗan kallo kuwa yana da inda zuciyarsa ta karkata. Sunayensu ma tarihi ne. In aka ce Shagon wane, ko Autan wane, ko Garkuwan wane, an faɗi gidan da yaro ya tashi da wanda ya naɗa masa hannu. In aka ce Bahago, an faɗi hannun da ya ke kisa da shi. Yaron da ya shigo fage yau ba baƙo ba ne, gama ya shigo da bashin gidansu da alhakinsa. Abin da ya sa har yanzu a ke maganar Shago da Ɗandunawa, ko a bakin waɗanda ba a haifa ba sa'ad da su ke dambe, shi ne makaɗi Ɗan'anace ya sa jama'a sun san su kamar 'yan'uwansu.

A kokawar takobi jiha ce ke yin wannan aiki. Bamaraɗe yana bayan na Maraɗi, Badamagare yana bayan na Damagaram, ko bai taɓa ganin fuskarsa ba. Mai kallo na Kiru ko Bebeji, da ya ke ba shi da jiha a cikin takwas ɗin, ya kan zaɓi nasa ta wata hanya: wani don Damagaram ce hanyar fataucin kakansa, wani don ya ga ɗan siririn yaro ya ɗaga ƙato, wani don kawai abokin gardamarsa ya zaɓi ɗayan. Ko ta yaya aka yi, sai mutum ya sami nasa kafin kallo ya yi masa daɗi.

Amma a lura, sanin mutum daban, tonon asirinsa daban. Shirye-shiryen da ke kulle samari da 'yan mata a gida ɗaya, kyamara na bin su har wurin kwana, suna cewa suna nuna halin ɗan'adam ne. Magidanta da yawa a ƙasar Hausa ba su yarda a kunna su a gidajensu ba, saboda kunya da addini. Ko an ajiye wannan gefe, akwai aibi ta fuskar gwaninta. Mutumin da ya san ana kallonsa dare da rana, kuma ya san rigima ce ke kawo ƙuri'a, rigima zai yi ta ƙirƙira. Halin ɗan kokawa kuwa a cikin aikinsa a ke ganinsa: mai haƙuri, da mai gaggawa, da mai wayo, da matsoraci, duk kamu ɗaya ya isa ya bayyana su. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sharaɗi na Uku: Gwani da Mai Neman Kada Shi

Zangon da ba shi da babban gwani kamar kasuwa ce ba sarkin kasuwa, hayaniya ce kawai. Zangon da gwaninsa ya fi ƙarfin kowa nesa ba kusa ba, shi kuma kamar tatsuniya ce da aka faɗi ƙarshenta tun daga farko. Daɗin yana tsakani, watau a sami wanda kowa ke tsoro, a kuma sami dalilin zaton yana iya faɗuwa.

Labarin Kadri Abdu na Dosso, wanda aka fi sani da Isaka Isaka, ya isa misali. Ya ɗauki takobi har sau 6, abin da ba wanda ya taɓa yi kafinsa, na shidan a Agadas a ƙarshen 2023. A farkon tashensa daɗin kallo shi ne ganin sabon gwani yana hawa. Da ya yi ta ci, sai daɗin ya sauya kama. Masoyansa suna zuwa su ga an kafa tarihi, sauran jama'a kuwa suna zuwa da tambaya guda, wa zai kada shi? Kowane saurayi da ya tsaya gabansa, ƙasa duka ta kan riƙe numfashi. Lalle a waɗannan shekaru akwai masu cewa gasar ta fara gundura, tun da an san mai ɗauka. Suna da hujja, amma ba su lura da cewa kowace nasara tasa tana ƙara nauyin ranar da za a kayar da shi ba.

Ranar kuwa ta zo a watan Disamba na 2024. A Dosso aka yi gasar, watau a gidansa, gaban danginsa da makaɗansa. Ya kai karon ƙarshe, sai Abba Ibrahim na Yamai ya yi nasara a kansa ya ɗauki takobi. Gaba da gabanta. Da wani marubuci ne ya tsara wannan a littafi, da an ce ya cika ƙari. Abin da ya ba wannan zango armashi ba a cikin kwana goman nan kaɗai aka gina shi ba, shekaru aka yi ana tara shi. Wannan darasi ne ga masu shirya gasa: zango mai kyau yana cin gadon zangunan da suka gabace shi, saboda haka shirin da ke watsar da mutanensa duk shekara ya ɗebo sababbi, kullum daga tushe ya ke farawa.

Mutanen wannan yanki ba baƙin wannan darasi ba ne. Sunan da ƙasarsu ke amsawa na Bagauda ne, wanda Tarihin Kano ya ce shi ne sarki na farko, daga shekarar 999. Tsohuwar waƙar nan da a ke kira da sunansa jerin sarakuna ce, wannan ya hau ya yi zamaninsa ya wuce, wancan ya gaje shi. Mai kallon da ya ga an karɓe takobi daga hannun wanda ya riƙe shi sau shida, abin da waƙar ke karantarwa ya gani da idonsa.

Sharaɗi na Huɗu: Hukunci Ya Zama a Fili

Kome kyawun masu takara, in mai kallo ya yi zaton an riga an shirya wanda zai ci, zango ya lalace. Falalar kokawa da dambe ita ce hukuncinsu ba ya bukatar tafinta. Mutum ya kai ƙasa ko bai kai ba, tsohuwa da yaro duk sun gani. Kyamara ma ta ƙara taimako a nan, domin a kan maimaita kaye a hankali har mai musu ya yi shiru.

Duk da haka akwai ƙofofi biyu da ɓarna ke shigowa. Ta farko ita ce karon da ya ƙi ƙarewa. Gwanaye biyu su kan tsaya suna taɓa hannu suna ja da baya, kowa na tsoron kowa, har lokaci ya cika a raba su da yawan gargaɗin da alƙali ya yi wa wanda ya fi gudun kamu. Dokar tana da amfani, gama ba don ita ba da wasu sun kwana a fili. Amma nasarar da aka samu ta gargaɗi ba ta kan ƙosar da mai kallo, kamar tuwo ne ba miya. Zangon da manyan karonsa suka ƙare a haka, ko an ba da takobi, ba a kan daɗe ana zancensa ba. Ƙofa ta biyu ta fi muni, ita ce zargin sayar da wasa, watau wani ya kwanta wa wani don kuɗi ko don 'yan jiha ɗaya ne. Ko zargin bai tabbata ba, da zarar ya shiga zukata sai kowane kaye ya zama abin tuhuma, har na gaskiya.

Shirye-shiryen da ke ba masu kallo ƙuri'a suna da nasu daɗin, ba a musun wannan. Mutum ya kan ji da hannunsa a cikin abin, ya yi ta roƙon abokai su taya shi zaɓen nasa. Sai dai inda a ke barin mutum ɗaya ya jefa ƙuri'a da yawa, ko inda ƙuri'ar ke cin kuɗi, ba lalle mafi gwaninta ne ke ci ba, mai yawan magoya baya masu hali ne. Har wa yau, abin da masu zaɓen suka gani, wani ne ya tace musu shi. Daga awoyi masu yawa da aka ɗauka, mai haɗa hoto shi ke zaɓen 'yan mintocin da za a nuna da yamma, yana kuwa iya mai da mai kirki mugu ta wurin abin da ya yanke.

Akwai wata gasa da ta fi gaban a kira ta wasa, amma tsarinta abin koyi ne, ita ce musabaƙar karatun Alƙur'ani, wadda aka fara ta ƙasa baki ɗaya a Sakkwato cikin 1986 a ƙarƙashin jami'ar garin. Alƙalanta malamai ne da aka san iliminsu, abin da a ke dubawa kuma sananne ne, watau hadda da tajwidi da kyawun karatu. In mai karatu ya yi tuntuɓe a kan ankarar da shi a gaban kowa, mahaddacin da ke saurare a gida ma ya ji kuskuren. Sa'an nan tana da tsani, daga ƙaramar hukuma zuwa jiha, daga jiha zuwa ƙasa, har zuwa ta duniya a Saudiyya. Yarinyar Tudun Wada da ke kallo ta san matakin farko yana garinsu. Gasar da mai kallo ya san ƙa'idarta, ya kuma san ɗansa na iya shigarta, ita ce ya ke ɗauka tasa.

Sharaɗi na Biyar: Abin da Ke Kewaye da Karo

Kaye kansa bai fi ƙiftawar ido ba. In an tara dukan kayen yini guda, da ƙyar su cika rabin sa'a. Sauran lokacin fa? A nan a ke gane masu shiri sun iya ko ba su iya ba. A filin takobi akwai makaɗa, irin su Sagalo wanda ya yi suna wajen wasa 'yan kokawa. Akwai kirari, inda ƙato zai fito da guraye da layu ya daga hannu ya faɗi ko shi wane ne. Akwai 'yan cali-cali masu kwaikwayon kokawa don ban dariya, su kan sassauta zukata bayan karo mai zafi. Waɗannan ba ƙawa ce kawai ba. Kiɗa shi ke gaya wa baƙo cewa wanda ke shigowa babba ne, kirari kuma alkawari ne da mutum ya ɗauka gaban jama'a, wanda za a tuna masa in ya faɗi.

Mai ba da labari a rediyo ko talabijin shi ne ya gaji rabin aikin maroƙi. Nagari ya san tarihin kowane ɗan wasa, ya san sunan kowane kamu, ya kuma san lokacin da zai yi shiru ya bar ganga ta yi magana. Maras gwaninta kuwa sai ihu daga fari har ƙarshe, da jera gaisuwar manyan baƙi alhali ana tsakiyar kamu. Hakanan mai riƙe da kyamara: in ya tsaya kan fuskokin masu manyan riguna a rumfa, ƙafafun 'yan kokawa kuwa, inda dabarar ta ke, ba a gani, ya hana mai kallo abin da ya zo nema. Talla ma tana da wurinta, gama da kuɗinta a ke yin shirin, amma tallar da ta katse karo ta zama ɓarawon kallo.

Tsawon zango shi ma abin dubawa ne. Kwana goma na takobi sun yi daidai da ƙarfin ɗan'adam: sun isa a san mutane, ba su kai a gaji da su ba, sa'an nan a yi shekara ana marmari. Shirin da ya kai wata biyu ko uku, tilas tsakiyarsa ta yi sanyi, masu shi su shiga ƙago husuma don cike gurbi.

Abin da Ya Rage ga Mai Kallo

Kuɗi sun shigo waɗannan wasanni, kamfanoni na ɗaukar dambe suna nuna wa duniya ta intanet. Akwai alheri a ciki, domin ɗan damben da dā ke tashi da tsabar da aka lika masa, yanzu yana iya samun abin da zai gina gida, ana kuma fara kula da lafiyarsa da daidaita nauyin abokan karo. Akwai kuma abin tsoro. In aka bar mai saye ya faɗi yadda wasa zai kasance, za a iya wayar gari an rage kiɗa don baƙo ba ya jin Hausa, an gajarta kirari don lokaci kuɗi ne, an haɗa karo don suna ba don cancanta ba. Caca kuma, wadda ta riga ta bi ƙwallon ƙafa har ƙauyuka ta cikin wayar hannu, ba abin da ke lalata kallo kamarta, gama wanda ya sa kuɗin takinsa a kan ɗan wasa ba gwaninta ya ke kallo ba, aljihunsa ya ke kallo.

Maganin wannan yana hannun masu kallo fiye da yadda su ke zato, domin ba mai shirin da zai ci gaba da dafa abin da aka ƙi ci. Idan zango ya ƙare, ya kamata mutum ya tambayi kansa abu biyar. Faɗuwa ta yi tsada, ko an yi ta rangwame? An san mutanen ta wurin aikinsu, ko ta wurin tsegumi? An sami gwani, an kuma sami wanda ya girgiza shi? Hukunci ya fito fili, ko an bar zukata da shakka? Kiɗa da labari sun taimaki wasan, ko sun danne shi? Zangon da ya amsa waɗannan da kyau, shi ne wanda za a tarar ana gardamarsa a bakin dam ɗin Tiga bayan an manta yawan kuɗin da aka ba wanda ya ci.

Sa'an nan kada akwati ya sa a manta da fagen ƙofar gida. Kantu da Isaka da Shago ba a talabijin aka haife su ba, a dandalin ƙauye suka fara faɗuwa suna tashi. Idan dagatai da matasan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa suka ci gaba da share fage bayan kaka, suka tsare shi daga rigima da caca, wata rana mai kallo a gidan kallo zai ɗaga kai ya ga ɗan maƙwabcinsa a cikin akwatin.